Daren da Babana Ya Yi Kiɗa a Ƙonni

Ina ɗan shekara 11 Allah ya karɓi ran ƙanwata, autar ɗakinmu. Ƙyanda ce ta kama ta a tsakiyar bazara, ta yi kwana shida tana jinya, ranar na bakwai da hantsi ta cika. Kafin azahar an kai ta makwancinta. Babanmu ba ya gari. Makaɗin kalangu ne, ya bi maigidansa yawon wasa tun makonni uku kafin ciwon ya fara. A wancan zamani wayar salula ba ta yaɗu a Nijeriya ba, sai daga 2001 ta fara yaɗuwa, saboda haka babu hanyar isar da saƙo ga matafiyi sai ta bakin direbobi, waɗanda sun fi kowa sanin inda makaɗa suka sauka. Kawuna ya je tashar Funtuwa ya ba wani direban Sakkwato saƙo, shi kuma ya miƙa wa na Illela, har labari ya tarar da Baba a Birnin Ƙonni washegari bayan la'asar, suna shirin wasan bikin 'yar wani attajiri. Ya ji, ya yi salati, ya shiga ɗaki ya jima. Bayan isha ya rataya kalangunsa ya shiga fili, ya yi kiɗa har kusan asuba. Sai a kwana na huɗu ya iso gida, an riga an yi sadakar uku an watse.

Ba daga bakinsa na ji wannan labari ba. Ɗaya daga cikin 'yan amshinsu ne ya zo ta'aziyya, ya zauna a zaure yana ba dattawa labari, kuma yabo yake nufi. Ya ce shekara goma suna tare, bai taɓa jin hannun Baba ya yi zaƙi irin na daren nan ba, har mata suka riƙa guɗa ba ƙaƙƙautawa. Ina laɓe a bayan ƙyaure da butar alwala a hannuna. Tun daga ranar na ƙulla wa mahaifina tuhuma biyu a zuci. Ta farko, cewa maƙaryaci ne, domin ya nuna wa jama'a murnar da babu ita a ransa. Ta biyu, cewa ya ci amanar gidansa, domin ya fifita bikin 'yar wani a kan makokin tasa. Wannan maƙala shari'ar tuhumomin nan ce, kuma na san ni ne mai ƙara, ni ne kuma nake neman zama alƙali. Abin da kawai zai sa a saurare ni shi ne, daga baya na bi hanyar da ya bi, na kwana inda ya kwana.

Masana adabinmu sun raba makaɗa gida-gida. Akwai makaɗan fada, irin su Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi, masu ubangida guda wanda ci da sha da suturarsu ke wuyansa. Akwai kuma makaɗan jama'a, waɗanda duk inda aka kira su nan ne fadarsu. Baba yana cikin kashi na biyu, kuma ko a nan ɗin ba shi ne mai waƙa ba. Yana bayan wani mawaƙi da sunansa bai wuce 'yan garuruwa ba, a ƙungiya ta mutum tara: maigida, makaɗa uku, 'yan amshi uku, sanƙira mai shelar kyauta, da yaro mai ɗaukar kaya. Gadon gidanmu ne, domin kakanmu ma kalangu ya kaɗa wa mahauta a kasuwa.

Shekarar makaɗi ba ta tafiya daidai da ta sauran mutane. Da damina yana gida yana noma, domin kuɗi sun shige gona, biki ya yi ƙaranci. Da azumi ma kalangu na rataye. Amma da zarar kaka ta yi, an sayar da auduga da gyaɗa, sai aure ya buɗe, daga nan har faɗuwar ruwa ba a ganinsa sai jefi-jefi. Ranar salla kuwa, ranar da kowane yaro ke riƙe da hannun ubansa zuwa idi, ita ce babbar ranar kasuwarsa. Ban tuna sallar da muka ci tuwo tare da shi da dare ba.

Da na gama sakandare ban sami gurbin ƙaro karatu nan da nan ba, yaron da ke ɗaukar musu kaya kuma ya yi aure ya bar tafiya. Sai Baba ya ce in bi su. Na yi rani uku a bayansu, daga Malumfashi zuwa Katsina da Jibiya da Maraɗi, daga Gusau zuwa Talatar Mafara da Sakkwato, wani lokaci ta Daura har Damagaram. Na shiga motar da fushina a ƙirji, ina zaton zan je in ga irin daɗin da ya raba shi da mu.

Abin da na fara gani shi ne jira. Mai kallo yana ganin awa huɗu ko biyar na wasa, yana zaton ita ce sana'ar. Sauran awoyin yinin duk jira ne. A jira mota ta cika a tasha, a jira makanike idan ta lalace, a jira a kan iyaka ana duba takardu da kaya. Idan an isa gari, a jira a ƙofar gidan mai biki har wani ya tuna cewa makaɗa sun zo, a nuna mana zaure ko shagon da aka kwashe buhuna. A jira abinci, wanda yakan iso bayan duk baƙin kirki sun ci. Karin kumallo koko da ƙosai ne a bakin tasha, ko shayi da burodi idan aljihu da nauyi. A jakar kowa akwai garin kwaki da ƙuli-ƙuli saboda ranar da aka manta da mu. Goro kuwa ba ya yankewa, shi ke riƙe ido har asuba.

Aikina shi ne kula da kaya. Nan na koyi cewa kalangu yana da rai irin nasa. Idan iska ta yi laima fatarsa takan saki, sai an kai shi rana ko kusa da wuta kafin ya yi magana. Idan hunturu ya tsananta takan bushe har ta tsage, don haka ba a tafiya sai da fatar akuya ta ajiya da tsarkiya. Baba yakan zauna da hantsi, bayan barcin awa uku, yana bin tsarkiyoyin ɗaya bayan ɗaya da yatsa, kamar mai duba haƙarƙarin mara lafiya. A ƙarƙashin hammatarsa ta hagu akwai kanta baƙa ƙirin, inda kalangu ya shekara talatin yana goga.

Akwai wani abu da na lura da shi wanda har yau yake tsaya mini a rai. A mazhabar Malikiyya, matafiyi yana yin ƙasaru, ya mayar da salla mai raka'a huɗu biyu, sai fa idan ya yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri, sannan ya cika. Mu kuwa da wuya mu kwana uku a gari ɗaya. Saboda haka rani guda cur Baba raka'a biyu yake yi a azahar da la'asar da isha. Shari'a da kanta ta san cewa wannan mutum bai sauka ko'ina ba. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. Mu raɓar ma da dare take sauka, kafin hantsi an share fili, an kwashe kujeru, babu alamar mun zo.

To, bari in koma ga tuhuma ta farko, ta ƙarya. Hujjata a da ita ce karin maganar nan, labarin zuciya a tambayi fuska. Idan fuska ta ba da labarin da ba shi ne a zuciya ba, ashe ta yi shaidar zur. Kuma kiɗa ba kamar ɗinki ko gini ba ne. Tela na iya ɗinka rigar ango yana kuka, rigar ba ta ce komai ba. Kalangu kuwa magana yake yi, cewa yake a tashi a yi murna. Yaya mutumin da aka binne 'yarsa jiya zai faɗi haka da hannunsa, ya kuma zama mai gaskiya?

Zaman da na yi a gefen fili ya rushe wannan hujja a hankali. Na ga cewa makaɗi ba labarin zuciyarsa yake bayarwa ba ko da a ranar da yake cikin daɗi. Idonsa na kan ƙafar mai rawa, kunnensa na kan numfashin mai waƙa. Idan tsohuwa ta shigo fili sai ya sassauta, idan 'yan mata suka shigo ya tsananta, idan maigida ya manta baiti ya rufe masa da kiɗa har ya tuno. Murnar da ke fita daga kalangu ta mutanen wurin ce, shi tattara ta yake ya mayar musu da ita da tsari. Mai biki bai sayi zuciyar Baba ba, bai ma tambaye ta ba. Hannu ya yi ciniki, hannu kuma aka ba shi cikakke. Ƙarya tana bukatar wanda aka yaudara, aka sa ya gaskata abin da ba haka yake ba don a cuce shi. A Ƙonni ban ga wanda aka cuta ta wannan fuska ba: amarya ta yi aure da gaske, danginta sun yi murna da gaske, kiɗan kuma ya dace da abin da ke gabansa.

Ban da haka, al'adar da ta raine ni ba ta ɗauki ɓoye baƙin ciki a matsayin munafunci ba. Muna yabon uwar da ta haɗiye kukanta a gaban masu ta'aziyya, muna cewa ta yi tawakkali. Muna yabon mai gida da ya tari baƙo da fara'a alhali babu ko tiya a rumbunsa. Idan dannewa saboda mutane halin kirki ne a tsakar gida, ban ga yadda zai zama aibi a filin wasa ba. Na sallami Baba daga tuhuma ta farko tun a ranin farko, ba tare da na gaya masa an taɓa tuhumarsa ba.

Tuhuma ta biyu ta fi wuyar kwancewa. Na jera hujjojin da ke kare shi, na ga suna da ƙarfi. An karɓi kafin alƙalami tun wata guda kafin bikin, an raba, an ci, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shi ne riƙe da babban kalangu, idan ya tafi wasa ya rushe, mutum takwas su koma gida hannu rabbana, kowannensu da bakunan da ke jiransa. Ranar auren yarinyar nan ba za ta maimaitu ba. Sannan Musulunci ya yi umarni da gaggauta jana'iza, an kuwa gaggauta. Ko da ya yi fiffike a daren, ƙasa zai tarar an mayar. Idan lissafi ake bi, mutum ɗaya ya danne zuciyarsa na dare guda, mutane da yawa sun tsira daga asara da kunya.

Sai dai lissafin ya manta da mutum ɗaya. Zaman makoki ba don mamaci kaɗai ake yinsa ba. Innarmu ta zauna kwana uku a kan tabarma, mata na shiga suna fita, kowace ta gama gaisuwa sai ta tambaya, “Malam bai iso ba?” Ita ce ta yi jinyar dare shida, ita ce ta ari kuɗin allura, ita ce ta rufe wa yarinyar ido. Abin da take bukata a ranakun nan ba ya cikin abin da ake aikowa da direba. Alkawarin da aka yi wa attajirin Ƙonni yana da shaidu da ranar cikawa. Wanda aka yi wa Inna ranar ɗaurin aure ya girme shi da shekara goma sha biyar, amma da yake ba shi da ranar da za a ce yau ce, kullum shi ake ɗagawa zuwa gobe. Na gane cewa haka haƙƙin iyali yake shan kaye a hannun kowane matafiyi: na waje yana da wa'adi, na gida yana da haƙuri, mai haƙuri kuwa shi ake bari a baya.

Mai karatu na iya cewa ai ba makaɗi kaɗai ke barin gida ba. Fatake sun yi watanni a hanyar Gwanja, 'yan ci-rani suna tafiya kudu duk shekara, direban babbar mota da soja ba su san ranar dawowa ba. Gaskiya ne, kuma ba na cewa neman halal a nesa laifi ne. Amma tambayar da ta dace da su duka ita ce: tafiyar nan, nawa ne tilas a cikinta, nawa ne son rai? A nan ne na ga abin da ban so gani ba. Hanya tana da zaƙi. A gida Baba mutum ne da ake bi bashi, rufin ɗakinsa na yoyo, maƙwabta na kiransa da sunan sana'arsa. A fili kuwa, da ya matsa kalangu ya saki, ɗaruruwan mutane sai su motsa kamar ya ja su da igiya. Idan ya kwana goma a gida sai in ga yana kai da kawowa a zaure, yana tambayar ko an aiko. Wanda ya ɗanɗani wannan ba zai iya rantsuwa cewa duk tafiyarsa don iyali yake yi ba.

A ranina na uku motarmu ta lalace tsakanin Tsafe da Gusau, muka kwana a bakin hanya. Sauran sun yi barci a kan buhunan kaya, ni da shi muna zaune kusa da 'yar wutar da muka hura saboda sanyi. Ban san inda na sami ƙarfin hali ba, na ce, “Baba, ranar da aka gaya maka rasuwar Auta, me ya sa ka yi wasa?”

Ya daɗe bai amsa ba, har na yi zaton ya yi fushi. Can ya ce, “Maigida ya ce in tafi, zai nemi wani ya riƙe. Ni na ce a'a.”

Na ce, “Saboda alkawari?”

Ya ce, “Har da shi. Kuma ko kuɗin mota babu a jikina sai an sallame mu. Amma in gaya maka gaskiya, yaro, tsoron idon uwarka na ji. Na bar yarinya tana wasa a tsakar gida, ta ce in sayo mata awarwaro. Na saya tun a Gusau, suna cikin aljihuna. Da na zauna shiru a daren nan, ban san abin da zai same ni ba. Kalangu kaɗai na iya riƙewa.”

Bai ƙara ba, ni ma ban ƙara ba. Wannan amsa ta ɓata mini shari'ata gaba ɗaya. Na shekara goma ina zaton zai kare kansa da alkawari, in ce alkawarin gida ya fi. Sai ga shi ya miƙa mini abin da ya fi tuhumata nauyi, ya ce gudu ya yi. Duk da haka, jin hakan ne ya fara sanyaya mini zuciya, domin a karon farko na tabbata cewa mutuwar ta same shi. Zaƙin hannun da ɗan amshi ya yaba, wanda na ɗauka shaidar rashin damuwa ce, ashe kukan ne ya bi ta inda ya saba fita.

Me za a ce da aikin da ya yi daidai ta wata fuska, alhali niyyar da ke ƙarƙashinsa gauraye take da amana da talauci da tsoro? Na yi tunani na ga cewa yawancin ayyukanmu haka suke, sai dai ba kowa ke da gaskiyar faɗa ba. Hukuncin da na tsaya a kai shi ne: Baba bai yi zalunci da ya yi kiɗa a daren nan ba, amma ya ci bashi. Bambancin su biyun a wurina shi ne, zalunci abu ne da bai kamata a yi ba sam, bashi kuwa ana iya cinsa bisa larura, sai dai larurar ba ta goge shi. Kuskuren da na ga matafiya da yawa suna yi shi ne, da zarar sun tabbatar wa kansu cewa tafiyar dole ce, sai su ɗauka babu sauran abin da ake binsu. Su dawo da tsaraba, su ajiye, su ga kamar an yi biya. Tsaraba tana biyan kuɗin cefane. Kwanakin da mace ta yi ita kaɗai da mara lafiya, ba a biyansu sai da amincewa cewa an ci su, da neman yafiya, da rage na gaba in da hali.

Saura tambaya ɗaya: shi kaɗai ne ya ci bashin? Na ce sai a kwana na huɗu ya iso gida. Dalili shi ne, washegarin wasa sun wuni a ƙofar gidan mai biki suna jiran sallama, yana ciki da manyan baƙi, sai bayan magariba ya aiko da cikon kuɗin, lokacin babu sauran mota. Da an sallame su da safe, da Baba ya riski sadakar uku. Ba na zargin mutumin da mugunta, domin babu wanda ya gaya masa an yi wa makaɗinsa rasuwa. Abin da ke damuna shi ne dalilin da ya sa ba a gaya masa ba. A cikin mutum tara babu wanda ya ga cewa mutuwar 'yar makaɗi magana ce da za a shiga da ita gaban babban mutum ranar bikinsa.

Wannan shirun yana da tushe. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau, ya nuna a rubuce-rubucensa na shekarun 1950 cewa makaɗa da maroƙa suna can ƙasa a jerin darajar sana'o'in Hausawa. Abin bai gushe ba. Muna son kiɗa, ba ma son makaɗi. Ba a naɗa sarki, ba a kai amarya, ba a kammala dambe ko kokawa sai da shi, amma idan ɗansa ya zo neman aure sai a tuna asali. Ni kaina an taɓa mayar mini da kayan gaisuwa a wani gida da Baba ya yi wasa a bikin babbar 'yarsu. Gaskiya ne wasu sun keta wannan shinge. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Mamman Shata digirin girmamawa a 1988, kuma da ya rasu a 1999 ƙasa duka ta ji. Ɗan Maraya Jos ya zaga duniya da kuntiginsa kafin rasuwarsa a 2015. Amma a cikin dubban da suka haddace waƙoƙin Shata, mutum nawa ne za su iya kawo sunan makaɗi biyu da suka tsaya a bayansa? Su ma sun bar gida, sun kwana a tasha, an yi musu haihuwa da mutuwa ba sa nan.

Idan murnar da ake kawo mana a biki daga wani gida aka ciro ta, to mu da muka yi rawa muna da kaso a bashin. Liƙin da muke yi a goshin mawaƙi, sanƙira na shelar sunanmu, rabinsa sayen suna ne. Ba ya sauke mana nauyin ɗaukar mutumin a matsayin mutum: a ba shi masauki mai ƙofa, a ciyar da shi lokacin da ake ciyar da baƙi, a sallame shi a kan lokaci, a kuma bar masa fuskar da zai iya cewa an yi mini rasuwa. Yau matasan mawaƙa suna tafiya da fiyano da manyan lasifika, kowa da waya a aljihu, labari na isa cikin daƙiƙa. Hanyoyin da muka bi da dare a Zamfara da Katsina kuwa rashin tsaro ya sa ko da rana sai da addu'a. Wayar ta ɗauke uzurin rashin sani, ta bar zaɓin tsirara: ka ji yanzu, fili ya cika, an biya, me za ka yi? Ba na jin akwai amsa ɗaya da ta dace da kowa. Na dai san cewa amsar takan yi sauƙi idan mai biki mutum ne da za a iya gaya masa.

Baba ya ajiye kalangu da hannunsa ya fara rawa, ya yi shekarunsa na ƙarshe a gida, ba fansho, ba mai aikowa. A shekarun nan na ga yana yin abin da ban taɓa gani ba: yakan zauna a ƙofar ɗakin Inna da yamma yana taya ta tsince wake, suna 'yar hira ƙasa-ƙasa. Bayan rasuwarsa na tambaye ta ko ta yafe masa kwana huɗun nan. Ta ce, “Wane irin zance ne wannan? Tun daren da ya dawo.” Ta yi shiru, sannan ta ce, “Amma da ya zo, da na ji daɗi.” Ta tashi ta buɗe tsohuwar kwallarta, ta ciro ƙullin tsumma ta miƙo mini. Awarwaro huɗu ne na roba, ƙanana, irin na hannun 'yar shekara biyar.

Bara aka yi bikin 'yar wana, aka ɗora mini kula da baƙi. Makaɗan sun iso da la'asar, na tarar da su tsaye a rana a bakin ƙofa da kayansu. Na buɗe musu ɗakina, na sa aka kai musu abinci daga tukunyar farko, na kuma karɓo cikon kuɗinsu na damƙa wa shugabansu tun kafin a fara. Akwai wani dattijo a cikinsu yana ɗaure tsarkiya. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, “Baba, yaya aka baro mutan gida?” Ya ɗago ya dube ni kamar bai fahimci tambayar ba. Sannan ya ajiye kalangun a gefe, ya ce kwanansa goma sha tara rabonsa da su, kuma matar ɗansa na kan gwiwa.